Garin Gyaran Gira: Labarin "Maganin Hazo" a Titin Ibrahim Taiwo

Ni dai ba mai ɗaukar hoto ba ne, kuma ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan cika shafin jarida da zancen wani ɗan gilashi da faɗinsa bai wuce bakin gwangwanin madara ba. Sana'ata ita ce koyar da kimiyyar harshe a jami'a. Ɗan abin da na sani shi ne yadda kalma kan taso, ta yi ƙaura, ta sauya tufafi a garin da ta sauka. To amma a hunturun da ya gabata wata kalma guda ɗaya tak ta jawo wa ɗan yayata asarar kuɗin aikin biki, har ta so ta raba shi da sana'ar da ya sayar da babur ɗinsa don ya shiga. Da na bi diddigin al'amarin sai na tarar ashe a gonata aka yi shukar, don haka nake roƙon masu sana'ar hoto su yi mini afuwa idan sun ga na yi musu shisshigi.

Ga yadda abin ya faru. Yaron nan ya gama karatun difloma, ya share shekara biyu yana zaga ofisoshi da takardu a hammata, bai dace ba. Daga bisani ya sayar da babur, mahaifiyarsa ta cika masa da kwasar adashinta, ya sayi kyamara ta hannu, amma mai kyau. Ranar cinikin, bayan an gama biya, sai mai shago ya ɗauko wani ɗan gilashi mai zobe a kewayensa, ya murɗa shi a gaban idon kyamarar, ya ce masa: "Wannan ita ce filta, maganin hazo. Ka ga ma an rubuta." Ya nuna masa jikin zoben, inda aka rubuta UV, ga kuma kalmar Ingilishi "haze" a gefenta. Kuɗin bai wuce na kwanon shinkafa biyu a gidan abinci ba. Yaro ya biya, ya yi godiya, bai kuma sake cire ta ba. Hotunan rana suka riƙa fitowa ba laifi. Sai da ya samu aikinsa na farko na dare, wata liyafar biki a ɗakin taro mai fitilu rututu, sannan asiri ya tonu. Kowace fitila a hoton ta haifi 'yar'uwarta a ɗaya ɓangaren, ɗigo-ɗigo masu kore-kore suna yawo, guda ma ya sauka daidai goshin amarya. Baƙar hular ango kuwa ta koma ruwan toka, sai ka ce an barbaɗa wa hoton gari. Dangin amarya suka ce ba za su cika masa kuɗinsa ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin biki ba a maimaita shi.

Ya zo mini ido ya raina fata. "Kawu, kyamarar ce ta mutu. An cuce ni."

Washegari muka nufi Titin Ibrahim Taiwo. Ga wanda bai san Kano ba, titi ne da ya ratsa Fagge, ya bi ta gefen kasuwar Kantin Kwari, Sabon Gari kuma na nan kusa da shi. An sa masa sunan Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Jihar Kwara, wanda aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairu 1976 da ya ci ran Janar Murtala Muhammad. Yankin nan tun asali masaukin baƙi ne da baƙin kaya. Fagge zangon fatake ce tun kafin zuwan Turawa, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma sai Sabon Gari ta tsiro ta karɓi mutanen Kudu, waɗanda a hannunsu sana'ar hoto ta fara zama da gindinta a birnin nan. Sabon abu idan ya shigo Kano a wannan yanki yakan fara sauke kaya, kuma a nan ake raɗa masa suna. Shi ya sa na daɗe ina gaya wa ɗalibaina cewa mai son ya ga yadda Hausa ke aron kalmomi ya bar laburare na yini guda, ya je ya zauna a bakin wannan titi ya kasa kunne.

Wanda muka je wurinsa wani dattijo ne mai gyaran kyamara, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, wanda Hausa a bakinsa ta fi ta wasu ɗalibaina daɗi. Ya dubi hotunan a waya, bai ko taɓa maɓallin kyamarar ba. Ya murɗe gilashin nan, ya ɗaga shi ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya ce in leƙa. Na ga ƙwan ɓaro-ɓaro, fari fat, kamar a madubi. Sai ya jawo wani daga aljihun tebur ya ɗaga. A wannan sai da na ƙura ido sannan na hango inuwar ƙwan, dishi-dishi, da ɗan launin kore.

"Malam," in ji shi, "kyamarar yaronka lafiyarta ƙalau. Wannan da ya ɗaura mata gilashin taga ne aka yanka aka sa wa zobe. Ba shi da kotin."

Na ce, "Baba, mene ne kotin?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai ku ne malaman Hausa, ku za ku gaya mana. Mu haka muka ji shi, haka muke faɗa."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Na koma gida na yi makonni ina karatu a fagen da ba nawa ba, kuma ga abin da na tsinto, da Hausa, domin a gani ko za ta iya ɗauka.

Duk wanda ya taso yana sauraron rediyo ya san zancen gajeren zango da matsakaicin zango, da mita 31 da mita 41. To shi ma haske tafiyar igiya yake yi kamar saƙon rediyo, sai dai zangonsa ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin kimanin nanomita 400 da 700 ne kawai, daga shunayya zuwa ja, launukan nan da ke jere a bakan gizo. Abin da ya gaza 400 ido ba ya ganinsa, amma yana nan. Shi ne UV, hasken da ke bayan shunayya. Wani Bajamushe, Johann Ritter, shi ya gano shi a 1801, da ya lura cewa takardar da ya jiƙa da sinadarin azurfa ta fi saurin yin baƙi a wurin da launuka suka ƙare, inda ido ba ya ganin komai. Da yake fim ɗin hoto da dangin wannan sinadari ake yin sa, sai ya gaji halin: yana ganin abin da mai kyamara bai gani ba. Mutum zai ɗauki hoton tsaunuka masu nisa ko na bakin teku, idonsa ya ga sarari garau, amma idan an wanke sai a ga wani shuɗi-shuɗi ya lulluɓe nesa, domin iska takan watsa haske mai gajeren zango fiye da mai dogo. Wannan lulluɓin ne aka ƙera filtar don ta tare, kuma shi ake nufi da kalmar da ke jikin zoben.

A nan ne harshe ya yi mana ƙafar ungulu. Kalmar Ingilishi "haze" da tamu "hazo" sun yi kama a kunne, har ma'anarsu ta yi kusa, amma ba dangin juna ba ne, kuma babu wadda ta ari wata. Gamon katar ne, irin na "hannu" da "hand". Hazonmu na hunturu ba wasan haske ba ne, ƙura ce ta zahiri, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, ta zo ta rataye a sararin Kano har jiragen sama su kasa sauka. Akasarin ƙwayoyin wannan ƙura sun fi zangon haske girma, don haka kowane launi suke watsawa, ja da kore da shuɗi baki ɗaya. Babu gilashin da zai tace wannan, ko daga wace ƙasa aka kawo shi, kamar yadda babu tabaran da zai nuna maka bayan katanga. Ban ce mai shagon nan ya yi niyyar ƙarya ba. Ya ga kalma, kunnensa ya fassara masa, shi kuma ya sayar da fassarar.

Daɗin daɗawa, ko shuɗin lulluɓin nan ma ya zama tarihi. Kyamarorin yau ba fim suke ɗauka ba, wani ɗan faranti ne a ciki da ake kira sensa, kuma masu ƙera su sun riga sun manna masa tasa filtar da ke tare UV tare da hasken da ke bayan ja. Ga kuma gilasan da ke cikin idon kansa, waɗanda kan kai goma ko fiye, su ma suna shanye da yawa daga cikinsa. Ashe ke nan haruffan nan biyu da ake biyan kuɗi dominsu, a kyamarar zamani kusan ado ne. Inda ya kamata a damu da su shi ne a tabarau, domin yawan UV na cikin abubuwan da ke kawo yanar ido, kuma baƙin tabarau na bakin titi da ba ya tare shi yana iya fin rashinsa illa, tunda duhunsa kan sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa. Amma wannan zance ne na wata rana.

Saura kotin, wanda ni zan kira shafe, kamar yadda magini ke yi wa bango. Shi ne ainihin abin da ake saya, ko da yake ba shi ake talla ba. Kowane gilashi tsirara, idan haske ya faɗa masa, kimanin kashi 4 cikin 100 ba ya wucewa, dawowa yake yi. Gilashi kuwa fuska biyu gare shi, ke nan wajen kashi 8. Shi ya sa kake ganin fuskarka a tagar mota. Kuma ba raguwar hasken ce babbar matsalar ba. Hasken da ya dawo ba ɓacewa yake yi ba, kai-komo yake tsakanin gilasai har ya faɗa inda ba a gayyace shi ba, ya wanke baƙi ya mai da shi toka.

Abin mamaki, tsufa ne ya fara nuna maganin. A 1886 masanin nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya lura cewa tsohon gilashi da ya ɗan dafe ya fi sabo fil barin haske ya wuce. A 1904 Dennis Taylor, wani mai ƙera idon kyamara a Ingila, ya yi rajistar hanyar tsofar da gilashi da gangan ta amfani da sinadarai. Amma wanda ya kai abin ga gaci shi ne Alexander Smakula, ɗan asalin Yukren da ke aiki a kamfanin Carl Zeiss a garin Jena na Jamus, a 1935, kuma aka riƙe bincikensa a matsayin sirrin soja na tsawon shekaru saboda amfaninsa a madubin hangen nesa na mayaƙa. A Amurka Katharine Blodgett ta kamfanin General Electric ta fito da nata salon a 1938, aka yi ta kiransa gilashin da ba a gani. A 1971 kamfanin Asahi na Japan ya fito da idanun kyamarar Pentax masu shafe hawa bakwai, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Dabarar kanta ta burge ni ainun. Ana turara wa gilashin wani sinadari a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, har ya kwanta masa da kaurin da ya yi daidai da rubu'in zangon haske, kimanin nanomita 100. Sai ka jera irinsa ɗaruruwa kafin ka kai kaurin silin gashi guda. Idan haske ya zo, wani ya dawo daga saman shafen, wani kuma ya dawo daga fuskar gilashin da ke ƙarƙashi. Na biyun nan ya yi tafiyar rubu'i a zuwa, rubu'i a dawowa, ya makara da rabin zango, saboda haka tudun wannan igiya yakan faɗa daidai kwarin waccan, su kashe juna. Wanda ya taɓa jefa tsakuwa biyu a kududdufi, ya lura da wuraren da da'irorin ke haɗuwa ruwa ya kwanta luf, to ya ga misalin abin. Shafe hawa ɗaya kan sauko da kashi 4 ɗin nan zuwa ƙasa da 2. Mai hawa-hawa, wanda ke kula da launuka da yawa a lokaci guda, kan kai shi ƙasa da rabin kashi ɗaya. Ɗan koren da na hango a gilashin Baba, ragowar da ta tsira ce.

Yanzu sai a dubi abin da ɗan yayata ya yi. Kamfanin da ya ƙera idon kyamararsa ya kashe dukiya ya shafe kowane gilashi da ke ciki, shi kuma ya zo ya kafa tsirara a bakin ƙofa. Sensa ta fi fim ƙyalli. Hasken fitila ya shiga ya buge ta, wani ya dawo ya fito ta ido, ya ci karo da shimfiɗaɗɗen gilashin nan, ya sake komawa ciki, ya sauka a kishiyar inda fitilar take. Wannan ce fatalwar da ta hau goshin amarya. Da rana ma tana nan, hasken gari ne ke rufa mata asiri. Garin gyaran gira, an rasa ido.

Kada mai karatu ya ɗauka ina nufin a zubar da filta. Akwai masu wannan ra'ayi a Turai da Amurka, kuma suna da hujja a ƙasashensu. Amma su ba sa numfashi a Kano tsakanin Nuwamba da Maris. Ƙurar hunturu cike take da ɓarɓashin yashi, kuma a ma'aunin tauri da masana duwatsu ke amfani da shi, ƙwayar yashi tana da maki 7, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6 yake. Wato ƙurar ta fi gilashin ƙarfi. Duk lokacin da mai hoto ya hura wa ido numfashi ya goge da bakin rigarsa, kamar yadda nake gani a kusan kowane ɗaurin aure, to samfefa yake goga masa. A tuna kuma da ranar Hawan Daushe, lokacin da mahaya ke sakin linzami su zo jahi a Ƙofar Kudu, ƙura ta turnuƙe, kofato na watsa tsakuwa, masu hoto na durƙushe a gaba. Hawan Sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gadon bil'adama a Disambar 2024, abin da jikokinmu za su gani na yadda aka yi shi a zamaninmu shi ne abin da waɗannan idanu suka ɗauka. A irin wannan wuri gwamma gilashin da za a iya sauyawa ya sha wuya, da a ce idon da kuɗinsa ya kai na babur ne ya sha. Har ma kamfanin Canon ya rubuta a littafin bayanin wasu idanunsa cewa kariyarsu daga ƙura da ruwa ba ta cika sai an ɗaura filta. Abin da ba ta iyawa shi ne kare ido daga faɗuwa: siririya ce, ita ke fara fashewa, ɓaraguzanta su karce abin da aka ba ta tsaro, zoben ya lanƙwashe ya ƙi fita. Wannan aikin baƙar robar nan ce da ake kifawa a bakin ido, wadda Baba ke kira hula, wadda kuma yawancin yaranmu ke bari a jaka, ko su ɗaura ta a juye.

To ta yaya mai saye zai gane? Sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne, domin manyan sunaye irin su Hoya da B+W ana yi musu jabu, kamar yadda ake yi wa kowace atamfa mai suna. 'Yan Kwari shaida ne. Gwajin Baba bai buƙatar ko sisi: a ɗaga gilashin ƙarƙashin ƙwai, a duba fuska biyu, idan ƙwan ya fito fari fat a ajiye wa mai shi kayansa. Kada kuma launi kaɗai ya ruɗi mutum, domin ana iya rina gilashi. Dushewar inuwar ce abin dubawa. Ni kuma na ƙara nawa gwajin don son sani. 'Yan canji na Wapa, nan kusa a Fagge, suna da 'yar fitilar UV da suke haska dala, kuma zaren tsaro na takardar dala 100 yakan yi ruwan hoda a ƙarƙashinta. Na roƙi wani ya ara mini ita na minti biyu. Da na gitta sabuwar filtar da muka saya tsakanin fitila da takarda, zaren ya dushe. Da na gitta tsohuwar, ko gezau. Wato ko UV ɗin da aka rubuta mata ba ta tarewa. Sai dai mai son yin wannan gwaji ya nemi fitila mai zango 365, domin masu araha na 395 suna ratsa ko da filta ta gaske.

Bari in dawo gonata. Ni ba na cikin masu ƙyamar aro. Harshen da ya karɓi littafi da alƙalami daga Larabci, ya karɓi mota da tebur daga Ingilishi, ya karɓi ashana da agogo daga Yarabanci, ba zai ƙi filta ba. Amma mota da ma'anarta ta zo, kowa ya hau ya ga abin da take yi. Illar tana ga kalmar da ta shigo da ɓawo kawai, ƙwayar ta tsaya a can. Yaro zai yi shekara uku a gaban maigidansa yana furta "kotin" da "yubi", bai san me ke cikinsu ba, domin maigidan ma jin su ya yi. Idan ya je kasuwa kuwa duk abin da aka ce masa shi ke nan. Mu malaman jami'a mun yi abin da muka yi a fagen keɓaɓɓun kalmomi: an buga ƙamus na kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Sai dai akasarin gumin a kan fagenmu muka zubar da shi, muna raɗa sunayen da mu kaɗai ke kiran juna da su. Masana'antar finafinan Hausa, wadda ta faro da Turmin Danya a 1990, ta haura shekara talatin tana cin abinci da kyamara a garin nan, ga kuma matasa birjik masu hoton biki. Me zai hana malamin harshe da malamin kimiyyar haske da mai gyara irin Baba su zauna su uku, su rubuta shafi ashirin da ɗan koyo zai karanta ya gane? Ni kaina ban yi tunanin haka ba sai da abin ya taɓa gidanmu.

Na koma wurin Baba da 'yan kalmomina don ya auna mini su. Shafe ya karɓa nan take, ya ce ai da ma abin ke nan. Fatalwa ta ba shi dariya, amma ya ce za ta zauna. Zango sai da na kawo masa zancen rediyo sannan ya gyaɗa kai. Da na ce a kira filta matata, sai ya kaɗa hannu ya ce wannan ta masu koko ce, filta ta riga ta zauna, a bar ta. Na yarda da shi, musamman da na tuna cewa rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, kada wata rana wani ya aika saƙo cewa "matata ta tsage" a taru a yi masa jaje.

Shi kuwa ɗan yayata da kansa ya koma gidan su amarya ya ba da haƙuri. Wani abokinsa mai kwamfuta ya share ɗigon a hotuna goma sha biyu, sauran aka bar su yadda suke, kuma har yau ba a cika masa kuɗin ba. Yanzu filta mai shafe tana kan idon kyamararsa da rana da wurin ƙura, idan magariba ta yi aka kunna fitilu sai ya murɗe ta ya sa a aljihun jaka. Ya sayi 'yar robar hura iska, da ita yake fara kore ƙura kafin ƙyalle ya taɓa gilashi. Tsohon gilashin kuwa ni na karɓe shi. Yana kan teburina a ofis, faɗinsa milimita 77, ya yi daidai da bakin kofina, kuma tun daga lokacin ƙura ba ta ƙara faɗa mini a shayi ba.